Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Dalilan Ɗaukewar Ruwan Zafi A Tukunyar Kombi

A ƙasar Birtaniya, inda sanyin hunturu kan kai ga ruwa ya daskare a kududdufi, da wuya a sami wata na'ura a cikin gida da ake dogara da ita kamar tukunyar gas mai zafafa ruwa. Fiye da rabin gidajen Ingila suna amfani da irin wadda ake kira kombi, watau tukunya mai aiki biyu: tana ɗumama ɗakuna, tana kuma ba da ruwan zafi na wanka da wanke-wanke. Girmanta bai wuce na akwatin tafiya ba, galibi kuma a bangon ɗakin girki ake kafa ta. Baƙin da ke zuwa daga ƙasashe masu zafi, har da Hausawan da karatu ko aiki kan kai Landan ko Manchesta, sukan iske ta a gidajen haya ba tare da kowa ya yi musu bayaninta ba, sai fa ranar da ta fara ciwo.

Ciwon da aka fi kuka da shi kuwa mai ban haushi ne. Mutum zai buɗe shaya, ruwa ya zo da ɗumi yadda yake so, ya shafa sabulu, bai ankara ba sai ruwan ya koma kamar na randa a tsakiyar hunturu. Ya ja da baya ya jira, bayan kamar minti guda zafi ya dawo, wani lokaci har ya wuce misali, sa'an nan ya sake ɗaukewa. Tukunyar da ta mutu murus ta fi wannan sauƙin sha'ani, domin ita takan nuna lambar ciwonta a fuskarta. Wannan kuwa sau da yawa idan mai gyara ya iso sai ta yi garau, kamar yaron da zazzaɓi ke saki da zarar an shiga ƙofar asibiti. Abin da ya kamata a fara sani shi ne, a mafi yawan irin wannan hali tukunyar ce ke kashe wutarta da gangan, saboda wani labari da ma'aunanta suka kai mata. Aikin mai bincike shi ne ya gano wane labari ne ta samu, kuma gaskiya ne ko ƙarya.

Ruwa biyu da ba sa haɗuwa

Tunanin zafafa ruwa yana cikin gudu ya daɗe. A shekarar 1868 wani mai fenti a Landan, Benjamin Waddy Maughan, ya ƙera na'urar da ruwan sanyi ke gangarowa ta cikin hucin wutar gas ya fito da zafi. Ba ta da bututun fitar da hayaƙi, saboda haka tana da hatsari ƙwarai a ɗakin wanka. A 1894 Johann Vaillant na garin Remscheid a Jamus ya fito da wadda ruwan ke bi ta cikin rufaffen bututu ba tare da ya taɓa hayaƙin ba. Kombi jikanyar waɗannan ce, kuma abin da ya bambanta ta da tsohon tsarin gidajen Ingila shi ne ba ta da tankin ajiya. Duk ɗigon ruwan zafin da ya fito daga famfo, daƙiƙoƙi kaɗan da suka wuce ruwan sanyi ne a bututun hukumar ruwa.

A cikinta akwai ruwa iri biyu. Na farko ruwan ciki ne, wanda aka ɗura aka rufe, yake ta kewayawa shekara da shekaru tsakanin tukunyar da allunan ƙarfen da ke jikin bangon ɗakuna, masu fitar da zafi kamar yadda lagireton mota ke yi. Shi kaɗai wutar gas ke dafawa. Na biyu shi ne ruwan famfo mai tsabta, wanda ba ya ganin wuta ko kaɗan, sai dai ya karɓi zafi daga ruwan ciki a wani ɗan ƙaramin akwati na farantan musayar zafi. Idan aka buɗe famfo, ruwan da ya motsa sai ya juya wata 'yar farfela mai ɗauke da mayen ƙarfe, juyawarta ta sanar da ƙwaƙwalwar lantarkin tukunyar cewa ana bukatar ruwan zafi. Nan take wani bawul zai karkatar da ruwan ciki daga hanyar ɗakuna zuwa ga farantan, kamar yadda mai ban ruwa a lambu ke toshe wannan kwari ya buɗe wancan. Injin tura ruwa ya tashi, fanka ta tashi, a buɗe gas, tartsatsi ya kunna wuta. Daga nan sai ma'aunan zafi su riƙa kai rahoto, ƙwaƙwalwar tana ƙara wuta ko tana ragewa. Duk wannan cikin daƙiƙoƙi kaɗan yake faruwa, kuma ko'ina a jerin nan aka sami tangarɗa, mai wanka ne zai fara ji a jikinsa.

Lissafin bokiti

Kafin a ɗora wa tukunya laifi, akwai wani lissafi da ba ta da ikon ƙetarewa. Ruwa abu ne mai wuyar zafafawa: kowace lita ɗaya tana bukatar ƙarfin kilojul 4.18 kafin zafinta ya ƙaru da digiri ɗaya a ma'aunin santigireti. Ƙaramar kombi mai ƙarfin kilowat 24, watau daidai da butocin shayi na lantarki guda takwas a kunne lokaci ɗaya, iyakar abin da za ta iya shi ne ta ƙara wa ruwa digiri 35 idan yana gudu lita 10 a minti. Da hunturu ruwan hukuma kan shigo gida a wajen digiri 5, ke nan zai fito a digiri 40, daidai wanka. To, idan wani ya buɗe famfon ɗakin girki, gudun ya kai lita 15, ƙarin zai faɗo zuwa digiri 23, ruwan ya fito a 28. A tukunyar da aka sa wa abin taƙaita gudu kuwa, ruwan ne zai rabu biyu, shaya ta rage ƙarfi. Wanda ke ɗakin wanka zai rantse tukunya ta lalace, alhali kuwa lafiyarta ƙalau, an dai ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta ne.

Akwai kuma akasin haka, wanda ya fi rikita mutane domin a lokacin zafi yake aukuwa. Wutar tukunya tana da iyakar da ba za ta iya ragewa ƙasa da ita ba. A ɗauka mafi ƙanƙantar wutar wata tukunya kilowat 7 ce, aka kuma buɗe famfo kaɗan, lita biyu da rabi a minti. Wannan wutar za ta ƙara wa ruwan digiri 40. Idan ya shigo a 18, zai fito a 58, alhali 45 aka umarce ta da shi. Ba ta da sauran dabara illa ta kashe wutar ɗungum, ta jira ya huce, ta sake kunnawa. Haka nan idan gudun ya faɗi ƙasa da wajen lita biyu a minti, farfelar ba za ta ƙara shaida cewa famfo a buɗe yake ba. Maganin wannan yakan ba mutane mamaki: a ƙara buɗe famfon. Da bokiti mai cin lita 10 da agogon hannu kowa zai iya auna gudun ruwan gidansa, kuma kan shaya da ya toshe, ko 'yar rariyar bakin famfo da ta cika da tsakuwa, sun isa su jawo duk wannan rigima.

Inda ciwon ya fi zama

Idan gudun ruwa ya isa, famfo ɗaya ne kuma a buɗe, amma zafin na zuwa yana tafiya a kan ƙa'ida kamar ana kallon agogo, to hankalin masu gyara kan farantan musayar zafi yake fara komawa. Akwatin nan da kaɗan ya fi tafin hannu biyu, an yi shi da siraran farantai na ƙarfe marar tsatsa, masu tudu da kwari, aka jera su aka haɗe da narkakken jan ƙarfe. Tsakanin faranti na farko da na biyu ruwan ciki ne ke wucewa, tsakanin na biyu da na uku ruwan famfo, haka har ƙarshe, kuma kowanne yana gudu ne ta fuskar da ta saba wa ta ɗan'uwansa. Hikimar sabanin ita ce ruwan famfo, duk inda ya kai a tafiyarsa, zai tarar da ruwan da ya fi shi zafi a ɗaya gefen farantin, saboda haka ba ya daina karɓa har ya fita.

Masu nazarin halittu sun san wannan tsari tun kafin a sa shi a bangon ɗakin girki. Agwagwar da ke tsaye a kan ƙanƙara ba ta rasa ɗumin jikinta ta ƙafa, domin jijiyar da ke kai jini mai ɗumi ƙasa tana manne da waɗanda ke dawo da mai sanyi sama, sai ɗumin ya tsallaka ya koma jiki kafin ya isa tafin ƙafa. Per Scholander da abokin aikinsa sun bayyana irin wannan a fikafikan dabbobin teku dangin kifi whale a 1955. Barewa kuwa ta juya dabarar: jinin da zai hau ƙwaƙwalwarta yakan rarrabu cikin ƙananan jijiyoyi da ke nutse a jinin da ya huce a hanci, shi ya sa take iya gudu cikin rana jikinta ya yi zafi ƙwaƙwalwarta ba ta dahu ba. Sharaɗin wannan tsari a dabba da a na'ura ɗaya ne, watau hanyoyi su kasance ƙanana kuma bangonsu siriri. Nan kuma rauninsa yake, domin ƙaramar hanya ba ta da wuyar toshewa.

Abu biyu ke toshe farantan, kowanne ta gefensa. Ta gefen ruwan famfo ɓawon alli ne. Kudanci da gabashin Ingila a kan duwatsun alli da farar ƙasa suke zaune. Ruwan sama, wanda ya kwaso iskar kabon dayokzayid, yakan narkar da ɗan kaɗan daga dutsen yayin da yake tsiyaya, ya shigo gidaje da shi ba a gani. Sukari da gishiri zafi ke taimaka musu narkewa, amma wannan sinadari akasin haka yake: da an zafafa ruwan, musamman sama da digiri 60, sai iskar ta fice, allin ya koma dutse ya manne wa duk abin da ya fi zafi. Wanda ya taɓa leƙa cikin butar shayi a Landan ya ga farin ɓawon. Shi kansa allin nan ragowar halitta ne, ɓawon wasu ƙananan tsiran teku da ido ba ya gani, waɗanda suka taru a ƙarƙashin ruwa shekaru fiye da miliyan 66 da suka wuce. A kan haka ne Thomas Huxley ya yi wa ma'aikatan garin Norwich shahararriyar laccarsa a 1868, shekarar da Maughan ya fito da na'urarsa. Ƙa'idar gine-gine ta Ingila ta nemi a sa abin rage ɓawon a duk inda nauyin ruwa ya wuce kashi 200 cikin miliyan. Mutanen Sikotilan da Wales, inda yawancin ruwa ba shi da alli sosai, ba su cika fama da wannan ba.

Ta gefen ruwan ciki kuwa baƙin laka ne. Allunan ɗumama ɗaki na ƙarfe ne, kuma ƙarfe da ruwa in suka daɗe tare, ga 'yar iska ta samu shiga, sai ƙarfen ya riƙa cinyewa daga ciki yana zubar da wata baƙar tsatsa da mayen ƙarfe ke kamawa. Injin tura ruwa ya kwashe ta ya yi ta yawo da ita, ita kuwa ba ta samun wurin maƙalewa da ya fi ƙananan hanyoyin farantan. Wannan ya fi aukuwa a gidan da aka ɗora sabuwar tukunya a kan tsofaffin alluna ba tare da an wanke bututun ba.

Ko wanne ne daga cikin biyun, sakamakon ɗaya ne. Wuta tana zuba zafi a ruwan ciki, amma zafin ba ya samun hanyar tsallakawa zuwa ruwan famfo da saurin da yake shigowa. Ruwan ciki ya yi ta hawa, ya wuce digiri 80, ma'auninsa ya kai rahoto, ƙwaƙwalwa ta kashe wuta don kada tukunya ta tafasa. Ruwan famfo ya yi sanyi. Bayan ɗan lokaci ruwan ciki ya huce, wuta ta sake kamawa, a koma gidan jiya. Likitoci sun san wani numfashi mai kama da wannan, wanda John Cheyne ya bayyana a 1818, William Stokes kuma ya sake bayyanawa a 1854: majiyyaci ya yi ta jan numfashi da ƙarfi, ya lafa, ya tsaya cik na wasu daƙiƙoƙi, sa'an nan ya sake farawa. Ana yawan ganinsa ga masu ciwon zuciya, kuma ɗaya daga cikin dalilansa shi ne jini yana jinkirin isa daga huhu zuwa sashen ƙwaƙwalwa mai kula da numfashi, sai umarnin ya riƙa zuwa a makare, ya wuce gona da iri ta nan, ya wuce ta can. Kamannin bai cika ta kowace fuska ba, amma ya isa ya nuna cewa a duka biyun mai ba da umarnin yana bin ƙa'idarsa ne, matsalar tana ga abin da ya kamata ya gudana bai gudana ba. Alamar da mai gida zai iya gani da idonsa ita ce: ya bar famfo a buɗe ya tsaya gaban tukunyar. Idan lambar zafi a fuskarta tana hawa da sauri, alamar wuta ta ɓace, lambar ta sauko, wuta ta dawo, alhali ɗumama ɗakuna na tafiya lami lafiya, to an kusa kama bakin zaren. Wani lokaci har akan ji tana ƙugi kamar buta gab da tafasa.

Sauran waɗanda ake tuhuma

Bawul mai karkatar da ruwa shi ne na biyu a jerin, kuma shaidarsa a fili take. Idan ya tsufa ya daina rufe hanyar ɗakuna sosai, wani ɓangare na zafin sai ya zarce can. A kashe ɗumama ɗakuna, a bar komai ya huce, a buɗe famfon zafi na 'yan mintoci, sa'an nan a taɓa bututun da ke fita daga ƙarƙashin tukunya zuwa alluna. In ya yi zafi, bawul ne. Ruwan irin wannan gida ya fi zama tsaka-tsaki, mai ɗumi-ɗumi, a maimakon tsalle tsakanin zafi da sanyi.

Farfelar da datti ya kama takan juya ta tsaya, kuma a nan alamar famfo ce ke ɓacewa daga fuskar tukunyar ruwa yana cikin zuba. Ma'aunin zafi kuma yana iya yin ƙarya. Ɗan mitsitsin abu ne wanda wutar lantarki ke ƙara samun sauƙin ratsa shi gwargwadon yadda ya yi zafi. In ya lalace, zai iya cewa ruwa ya tafasa alhali bai ko yi ɗumi ba, ƙwaƙwalwar kuwa ba ta da hanyar musa masa. Mai gyara kan gwada shi da mita cikin mintoci kaɗan, kuma yana daga cikin mafi arahar kayan tukunyar, abin da ya sa bai kamata a yarda da maganar canza ƙwaƙwalwar lantarki mai tsada ba kafin a gwada shi. Sai matsin ruwan ciki, wanda agogonsa ke gaban tukunyar: ya kamata allurar ta zauna tsakanin bar 1 da 1.5 idan ruwan ya huce. In ta faɗi zuwa wajen rabin bar, tukunya za ta ƙi kunnawa. In kuwa tana hawa har 3 da zafi, ta faɗi ƙasa da sanyi, to tulun da ke karɓar kumburin ruwa ne ya sace, domin ruwa yakan ƙaru da kusan kashi 3 cikin 100 tsakanin digiri 10 da 80, kuma dole ya sami wurin zuwa. Akwai kuma ƙarancin gas, musamman inda bututunsa ya yi ƙanƙanta. Ruwan famfo ne ke bukatar cikakkiyar wuta, don haka a nan ake fara ganewa.

Sau da yawa ma laifin ba a cikin tukunyar yake ba sam. Shaya ta zamani tana da wani ɗan kwanso mai kaki a ciki, wanda ke kumbura da zafi ya motse da sanyi, yana daidaita yawan ruwan zafi da na sanyi da ke gauraya. Alli yakan kama shi ya riƙa maƙalewa. Gwajin kuwa bai fi minti biyar ba: a buɗe famfon zafi na ɗakin girki shi kaɗai. In zafinsa ya tsaya daram, shaya ce ke da magana. Haka kuma ɗan sanyin da ke ratsowa sau ɗaya idan an rufe famfo an sake buɗewa nan da nan ba ciwo ba ne. Ruwan da ya wuce ne kafin wuta ta sake kamawa, yana tafe tsakanin ragowar zafin da ke bututu da sabon da ke biye.

Fata ba ma'auni ba ce

An ce jiki magayi, amma a wannan bincike shaidar fata tana bukatar mai tabbatarwa. Jijiyoyin jin zafi da sanyi sun fi kula da canji a kan ainihin yawan zafin. Wanda ya tsoma hannu ɗaya a ruwan zafi, ɗaya a na sanyi, sa'an nan ya haɗa su a ruwa mai ɗumi, zai ji hannayensa biyu suna ba da labari biyu a kan ƙwarya ɗaya. Saukar digiri uku ko huɗu a shaya takan zo wa mutum kamar an watsa masa ƙanƙara. Ma'aunin zafi na ɗakin girki da takardar rubuta lambobi kowane daƙiƙa 15 sun fi kowace irin rantsuwa amfani ga mai gyara.

Ɓangaren zafin ne ma ya fi hatsari. A 1997 David Julius da abokan aikinsa a Amurka suka gano wata ƙofa a jikin jijiyoyin fata wadda ke buɗewa idan zafi ya kai wajen digiri 43, ta aika da saƙon raɗaɗi. Ita ce kuma sinadarin barkono ke buɗewa, shi ya sa yaji da wuta suke kama a baki. Wannan aiki ya kai shi ga lambar Nobel a 2021. Iyakar nan ta 43 ta yi daidai da inda naman jiki ke fara lalacewa in ya daɗe. Binciken Moritz da Henriques na 1947 ya nuna cewa a digiri 60 daƙiƙoƙi kaɗan sun isa ruwa ya ƙona fata ƙuna mai zurfi, fatar jariri da ta tsoho kuwa ta fi saurin kamuwa. Tun 2010 doka ta taƙaita ruwan bahon wanka na sababbin gidaje a Ingila ga digiri 48. Mutumin da ruwa ya ɗauke masa yakan murɗa shaya zuwa ƙarshen zafi yana jira, sai zafin ya dawo masa gaba ɗaya. Gidan da ke da ƙananan yara bai kamata ya yi haƙuri da wannan ciwo har wata ya zagayo ba. Tsohon tsari mai tanki dole ne ya riƙe ruwansa a digiri 60, saboda ƙwayar cutar Legionella, wadda aka gano bayan annobar wani otal a Filadelfiya a 1976, tana hayayyafa a ruwan da ya kwanta tsakanin digiri 20 da 45. Kombi ba ta ajiye ruwa, don haka mai ita yana da sararin rage zafin famfonsa zuwa wajen 50, abin da ke rage ƙuna, ya kuma rage saurin taruwar alli.

Iyakar mai gida

Duk gwaje-gwajen da aka ambata, na bokiti, da taɓa bututu, da kallon agogon matsi, da wanke kan shaya, da ƙara ruwan ciki ta 'yar hanyar da aka tanada, ana yin su ne murfin tukunya yana rufe. Buɗe shi kuwa wani sha'ani ne dabam. Bayan fashewar gas da ta rushe kusurwar dogon benen Ronan Point a gabashin Landan a 1968, inda mutum 4 suka mutu, aka kafa ƙungiyar masu aikin gas ta CORGI a 1970, wadda rajistar Gas Safe ta gaje ta a 2009. Wanda ba ya cikin rajistar nan doka ta hana shi yin sana'ar gyaran kayan gas, kuma dokar 1998 ta wajabta wa masu gidajen haya su sa a duba tukunyar kowane wata 12. Ɗan haya yana da haƙƙin ganin takardar.

Dalilin tsananin shi ne a tukunyoyi da yawa murfin nan yana daga cikin abin da ke raba hayaƙi da iskar ɗaki. Gas ɗin da bai ƙone sosai ba yana haifar da kabon monokzayid, iskar da ba ta da launi balle wari, wadda jan sinadarin jini ke riƙewa fiye da yadda yake riƙe oksijin sau 200 da ɗoriya. Ita ce dai ke hallaka masu kwana da kaskon gawayi ko janareto a rufaffen ɗaki. Ciwon kai da jiri da ke kama mutanen gida tare, su sake su idan sun fita waje, alama ce da ake kashe tukunya a kanta nan take, a buɗe tagogi, a fita.

Idan bincike ya tsaya a kan farantan, gyaran ba mai tsawo ba ne. Mai gyara zai rufe ruwa, ya zubar da na cikin tukunya, ya kwance akwatin, wanda galibi kusoshi biyu ke riƙe da shi. Launin abin da ya fito shi ke faɗin sauran aikin. In fari ne, akan jiƙa farantan a ruwan asid mai sauƙi ko a sa sababbi, a kuma ɗaura abin rage alli a bututun shigowa. In baƙi ne, canza farantan kaɗai aikin banza ne, domin lakar da ta toshe su tana nan jibge a cikin allunan ɗakuna, kuma cikin 'yan watanni za ta toshe sababbin. Sai an wanke bututun gidan gaba ɗaya, an zuba maganin hana tsatsa a ruwan ciki, an kuma ɗaura matata mai mayen ƙarfe a bututun da ke dawo da ruwa tukunya, wadda ake buɗewa a share sau ɗaya a shekara, ranar da aka zo duba gas.